Unguwannin Abincin Bakin Titi a Birnin Bankok

Abincin bakin titi a Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, shi ne wanda ake dafawa a idon mai saye: a kan amalanke, a bakin kasuwa, a lungu, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ko a ƙofar ɗan shago wanda teburansa suka malalo kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Birnin da kewayensa na ɗauke da mutum sama da miliyan 10, kuma da yawansu daga nan suke karyawa, nan suke cin na rana, nan kuma suke ƙunso na dare a leda su tafi da shi gida. Baƙi sun zo daga baya ne suka tarar da abin yana tafiya. Kowace unguwa da irin girkinta, kuma girkin yakan nuna su waye suka yi ƙaura suka zauna a wurin, da lokacin da suka zo.

Asali

An mayar da Bankok babban birni a 1782, zamanin Sarki Rama na 1. A lokacin gari ne na ruwa. Kogin Chao Phraya da rassan da aka haƙa masa, waɗanda ake kira khlong, su ne hanyoyi, mata kuwa a kwale-kwale suke tallar abinci gida-gida. Sai a shekarun 1860, zamanin Sarki Mongkut, aka shimfiɗa Charoen Krung, titi na farko irin na zamani, daga nan ciniki ya fara hawowa tudu. Sinawa 'yan ci-rani, galibinsu 'yan yaren Teochew daga kudancin Sin, su suka kawo taliyar shinkafa, da kaskon ƙarfe mai zurfi, da suya a kan wuta mai ƙarfi. Barkonon da ake wa girkin Tailan kirari da shi ma baƙo ne, asalinsa nahiyar Amurka, ta hannun fataken Fotugal ya iso yankin.

Pad thai, soyayyar taliyar da duniya ta fi sani, ba ta da wani dogon tarihi. Gwamnatin Plaek Phibunsongkhram, wadda ta sauya sunan ƙasar daga Siam zuwa Tailan a 1939, ita ta tallata ta a matsayin abincin ƙasa, ta ƙarfafa wa jama'a gwiwa su riƙa sayar da ita. Ana haɗa ta da tsamiya, da sukarin giginya ko na kwakwa, da ƙwai, da dakakkiyar gyaɗa, da romon kifi mai gishiri da ake kira nam pla. Wannan romon, da ake samu ta hanyar tsima ƙananan kifaye cikin gishiri na watanni, yana yi wa girkinsu aikin da daddawa ke yi wa miya.

Daga shekarun 1960 masana'antu suka jawo mutanen karkara, musamman daga Isan, yankin arewa maso gabas. Ɗakunan hayar da suka samu da yawa ba su da madafi, aiki kuma ba ya barin lokacin girki, sai titi ya zama madafin kowa. Karyewar tattalin arziki ta 1997 ta ƙara yawan masu sana'ar, domin ma'aikata da dama da suka rasa aiki amalanke suka koma turawa.

Yaowarat

Ita ce unguwar Sinawa, ita ce kuma ta fi kowace suna. Sa'ad da za a gina fadar sarki a 1782, an tashi Sinawan da ke zaune a filin aka mayar da su Sampheng, kudu da ganuwar gari. Titin Yaowarat kansa an fara shi ne a 1892, zamanin Sarki Chulalongkorn, tsawonsa kimanin kilomita ɗaya da rabi. Da rana titi ne na shagunan zinare da na magungunan gargajiyar Sin. Da la'asar sakaliya masu abinci ke fara fito da tukwane, kafin magariba ta yi nisa hanya ta cushe, hayaƙin gawayi ya turnuƙe ƙarƙashin allunan fitilu ja da rawaya.

Girkin nan na Teochew ne, saboda haka bai cika yaji ba kamar yadda baƙo zai zata. Akwai kuai chap, taliyar shinkafa naɗaɗɗiya cikin romo mai yawan masoro, akwai gasasshiyar agwagwa, da kunun shinkafa mai nama da ake kira chok, da wainar ƙwai mai haɗe da naman kumbar teku. A lungun Phadung Dao ake gasa ƙaguwa da manyan jatan lande a fili. Mai abinci na ƙwarai a nan yakan tsaya kan abu guda, wani ya gaje shi ne daga iyaye da kakanni, kuma abin da ya ba unguwar daraja ke nan: mutum ya shekara talatin yana gyara romo ɗaya. Akwai kuma abin ƙi. Har yanzu wasu gidajen na sayar da miyar fiffiken kifin shak, alhali farautarsa na ƙarar da irin kifin a teku, kuma matafiyin da ya bar ta bai yi asarar komai ba.

Kowace shekara a wata na tara na kalandar Sin, wanda kan faɗo a Satumba ko Oktoba, ana bikin kwana tara na ƙaurace wa nama. Rumfuna kan kafa tutoci rawaya masu jan rubutu, alamar babu nama, babu ma tafarnuwa da albasa. Tun da aka buɗe tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Wat Mangkon a 2019, shiga unguwar ya yi sauƙi, cunkoso kuma ya ƙaru. Dab da ita akwai Phahurat, unguwar Indiyawa masu sayar da yadi, inda ake samun samosa da alawar madara.

Tsohon gari

Arewa da fada akwai Banglamphu. A nan titin Khao San yake, wanda sunansa ke nufin gyararriyar shinkafa, don a da kasuwar shinkafa ce. Tun shekarun 1980 ya zama masaukin matasan Turai masu yawon duniya da jaka a baya, kuma abincinsa ya bi bakinsu: an rage yaji, an ƙara sukari, an ɗaga farashi. Soyayyun kunamu da ake jerawa a tire don masu ɗaukar hoto ne. Wanda ke son girkin unguwar na ainihi sai ya ɗan taka zuwa titin Phra Athit ko lungunan da ke baya.

Kasuwar Nang Loeng, wadda aka buɗe a 1900, tana cikin kasuwannin tudu na farko a birnin. Ta safe ce zuwa azahar, ma'aikatan ofisoshin gwamnati da ke kusa ne masu cinta. An san ta da khao kaeng, wato shinkafa da miya, inda ake jera tukwane mutum ya nuna wadda yake so, da kuma kayan zaƙi na garin shinkafa da madarar kwakwa, naɗe a ganyen ayaba.

A titin Maha Chai akwai shagon Supinya Junsuta, wadda aka fi sani da Jay Fai. Tana girki a kan gawayi, sanye da tabarau mai kare ido daga tartsatsin mai, wainar ƙwanta mai cike da ƙaguwa kuwa ita ta ja mata suna. A Disamba 2017 kundin Michelin, mai karrama fitattun gidajen abinci da taurari, ya ba ta tauraro ɗaya, abin da ba a saba gani ba ga mai girkin bakin titi. Farashinta ya ninka na maƙwabta sau da yawa, layinta na sa'o'i ne, saboda haka ba da ita ake auna sana'ar ba.

Anusawari Chai da girkin Isan

Shataletalen Anusawari Chai, mai hasumiyar tunawa da nasara da aka gina a 1941, mahaɗar motocin haya ce. A bakin wani khlong da ke kusa ake sayar da kuaitiao ruea, taliyar kwale-kwale. Ƙwaryarta ƙarama ce, loma biyu ko uku, domin a da daga cikin jirgi ake miƙo ta, babba kuwa sai ta zube. Masu ci kan tara kwanuka a gabansu, da su ake yin lissafi.

A nan da kusan duk inda leburori da direbobi ke taruwa za a ji ƙarar turmi. Som tam ake dakawa: ɗanyar gwanda da aka goge, da barkono, tafarnuwa, lemun tsami da nam pla. Abokan tafiyarta su ne gasasshiyar kaza da shinkafa mai danƙo, wadda ake zubawa a ɗan kwando, a gutsura da hannu, a dunƙula, a dangwala. Da can mutanen birni sun raina wannan girki a matsayin na talakan ƙauye. Yau babu unguwar da ba a cinsa. Yana kuma cikin mafi zafin yaji a abincin titin Bankok.

Ƙetaren kogi, a Thonburi, kasuwar Wang Lang na ciyar da ma'aikata da ɗaliban asibitin Siriraj, wanda aka kafa a 1888. Da jirgin ruwa ake zuwa, da rana take ci, kuma ana samun miyar kudancin ƙasar mai kurkum da tsananin barkono.

Matafiyi Musulmi

Naman alade, wanda suke kira mu, ya ratsa girkin Bankok fiye da yadda ido ke gani. Romon taliya sau da yawa na ƙashinsa ne ko da an ɗora kaza a kai, wasu da kitsensa suke suya, kuma kasko ɗaya ne ke yin komai. Tsiren sate a rumfar da ba ta Musulmi ba galibi na alade ne. Romon taliyar kwale-kwale kuwa da jini ake kaurara shi, ko da ta naman sa ce. Cewa "mai sai mu", wato kada a sa alade, ba ya raba mutum da waɗannan, balle batun yanka. Abin da ya fi shi ne a nemi rumfar Musulmi, kuma ba su da wuyar samu, don Musulmi sun kai kusan kashi 5 cikin 100 na al'ummar ƙasar, Bankok kuma na da masallatai fiye da ɗari. Alamar ita ce koren tambarin halal na Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta Tailan, ko hoton jinjirin wata da tauraro a jikin amalanke.

Unguwanninsu tsofaffi ne. A Ban Khrua, bakin khlong ɗin Saen Saep, zuriyar Musulmin ƙabilar Cham ne da suka zo daga Kambodiya, waɗanda Rama na 1 ya ba filin bayan sun taya shi yaƙi, kuma an san su da saƙar siliki. A Bang Rak akwai masallacin Haroon a wani lungu daga titin Charoen Krung, a Banglamphu akwai na Chakraphong, a titin Phetchaburi akwai Darul Aman, sai yankin Ramkhamhaeng da ke gabas, inda Musulmi suke da yawa. Girkinsu ya haɗo Malay da Indiya da Farisa: khao mok kai, dafa-dukan shinkafa da kaza mai kurkum, wadda ake ci da koren yaji mai tsami, farfesun jelar sa, miyar massaman mai gyaɗa, dankali da kirfa, da roti, ko dai mai cushe da nama da ake kira mataba, ko mai ayaba da madarar gwangwani. Wannan ɓangare na girkin birnin bai samu yabon da ya cancanta ba, ga shi kuwa yana cikin mafi daɗi.

Fataken Afirka ta Yamma da ke sarin tufafi a kasuwar Pratunam sukan sauka a kusa da ita ko a Nana, inda lungun da ake kira Soi Arab yake cike da gidajen abincin Larabawa da na Pakistan.

Yadda ake ci

Da cokali ake cin shinkafa, cokali mai yatsu turawa kawai yake yi. Tsinkayen cin abinci na taliya ne. A kan teburin mai taliya akwai 'yan kwalabe huɗu: sukari, garin barkono, ruwan tsami mai yankakken barkono, da nam pla, kowa ya gyara kwanonsa yadda bakinsa ke so, mai girki ba ya jin haushi. "Mai phet" na nufin kada a sa yaji. Ba a taya abinci. Kwano ɗaya a rumfar talakawa yakan kama tsakanin baht 40 zuwa 80, kuɗin ƙasar ke nan. Game da lafiyar ciki, rumfar da 'yan gari suka yi wa layi, wadda ake sauke abu daga wuta a miƙa, ta fi wadda abinci ya wuni a tire, musamman a watannin zafi na Maris zuwa Mayu. Ranar Litinin ita ce ta share tituna, masu amalanke da yawa ba sa fitowa.

Tsakaninsu da hukuma

Bayan juyin mulkin soja na 2014, hukumar birnin ta shiga kwashe masu sana'a daga hanyoyin masu tafiya a ƙasa, da hujjar tsafta da buɗe hanya. A 2016 aka tashi mafi yawan rumfunan lungu na 38 a titin Sukhumvit, aka kuma kwashe masu talla a bakin kasuwar furanni ta Pak Khlong Talat. A Afrilu 2017 wani jami'i ya ce za a share titunan birnin gaba ɗaya, aka yi ca a ciki da wajen ƙasar, hukuma ta dawo ta ce za a bar Yaowarat da Khao San bisa ƙa'idoji. Hujjar hukuma ba ta banza ba ce, domin akwai hanyoyin da mai keken guragu ba ya iya bi, akwai kuma kwatocin da mai ya toshe. Sai dai wuraren da aka tsirar su ne na baƙi, waɗanda aka tasa kuwa su ne masu ciyar da mai gadi da ɗan acaɓa da ma'aikaciyar shago. Chadchart Sittipunt, wanda aka zaɓa gwamnan birnin a Mayu 2022, ya karkata ga tara masu abinci a cibiyoyi masu rufi da ruwan famfo, irin tsarin Singafo. Masu sana'ar sun sha kukan cewa in an ɗauke su daga inda ƙafa ke wucewa, ciniki ba ya bin su zuwa sabon wuri.