Idan likita ya ce kansa ce: yadda maza da mata ke ɗaukar labarin

Da gaske ne maza da mata sun bambanta wajen bayyana ciwon?

Sun bambanta, amma bambancin ya fi fitowa a baki fiye da a zuci. A 2006 Clive Seale da abokan aikinsa a Ingila sun tantance kalmomin da masu kansar mama da masu kansar furostet, wato ƙullun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ke amfani da su. Maza sun fi zancen gwaji da tiyata da magani da likitoci. Mata kuwa sun fi ambaton abin da ke ransu da mutanen da ke kewaye da su. Sai dai ciwon biyu ba ɗaya ba ne, don haka ba komai za a ɗora wa jinsi ba.

Ke nan maza ba sa jin tsoro?

Ina! Namijin da aka tarbiyyantar a kan "namiji ba ya kuka" yakan zuba tsoronsa cikin tambaya. Zai ce, "Likita, yaushe zan koma aiki?" alhali abin da ke cin sa shi ne wa zai riƙe gidan idan ya kwanta. Wani ya daina barci, wani ya riƙa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Matsalar riƙe fitsari ko raunin mazakuta bayan tiyata kuwa, da yawa sun gwammace su haɗiye. A ganina wannan shirun ne aka fi yi wa mummunar fahimta, domin iyali na ɗaukar sa dauriya, su ƙyale mutum da damuwarsa.

Mata fa?

Nazarin da Mariët Hagedoorn ta jagoranta a 2008 a kan ma'aurata ya nuna mata sun fi bayyana damuwa, ko su ne marasa lafiyar ko su ne masu jinya. Mace takan fito daga ɗakin likita tana tunanin yadda za ta faɗa wa 'ya'yanta kafin ta yi tunanin kanta. Ga zubewar gashi, ga cire mama, ga fargabar rasa haihuwa. Fargabar mutuwar aure ma ba zargi ba ne kawai: wani bincike a Amurka a 2009 kan masu ciwo mai tsanani, har da kansa, ya gano rabuwa ta kai kusan kashi 21 cikin 100 idan matar ce ba lafiya, kashi 3 idan mijin ne.

Wannan na shafar magani?

Ƙwarai. Macen da ta ga jini a fitsari sau da yawa akan yi ta ba ta maganin ciwon sanyi, a makara wajen gano kansar mafitsara. Maza ma na kamuwa da kansar mama, kusan kashi 1 cikin 100 na masu ita, kuma kunya kan hana su nuna ƙullun da wuri.

To yaya za a yi musu magana?

"Ya jiki?" amsarta "da sauƙi" ce kullum. Tambayi abu takamaimai: kana samun barci? Me ya fi damun ki cikin bayanin likita? Idan ya fara da lissafin magani, bi shi a haka, sauran maganar na tafe. Idan ita ma bayanin gwaji take so ba lallashi ba, a ba ta shi cikakke.