Gano ciwon hanta da wuri ta hoton ciki a yara masu sistik faibrosis

Sistik faibrosis cuta ce ta gado da ke sa majina da sauran ruwan jiki su yi kauri. Yaro na kamuwa da ita ne idan ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar gado mai suna CFTR daga uwa da uba duka biyu, ƙwayar da aka gano a 1989. An fi saninta a Turai da Amurka, kuma an fi danganta ta da huhu, amma tana taɓa hanta: ruwan matsarmama ya yi kauri, ya toshe ƙananan hanyoyinsa, wurin ya kumbura, daga baya ya zama tabo. Kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu cutar hantarsu kan kai ga ƙandarewa, galibi kafin su balaga.

Ciwon ba ya zuwa da sallama. Shawara, wato ido ya yi rawaya, ba ta bayyana sai abu ya yi nisa, gwajin jini na sinadaran hanta, ALT da AST, kuma yana iya fitowa lafiya alhali tabo ya riga ya kama. Shi ya sa ake dogara da hoton ciki, wanda mutane suka fi sani da sikanin. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a fara daga shekara 3, a maimaita aƙalla duk shekara biyu.

Kafin a ɗauki hoton, yaro zai yi awa 4 zuwa 6 bai ci komai ba, don matsarmama ta cika, iskar hanji kuma ta ragu. In an ba shi koko a hanya, a sake masa rana. Ana fara dubawa da lanƙwasasshen kan na'ura, sannan a koma miƙaƙƙen kai mai fito da abin da ke kusa da fata, domin shi ne ke nuna gefen hanta. Masu gaggawa kan tsallake wannan mataki, nan ne kuwa ƙananan ƙulluttai suke ɓuya.

Hanta mai lafiya sumul take, haskenta daidai da na ɓawon ƙodar dama ko ya ɗan fi. In ta yi fari gaba ɗaya, yawanci kitse ne. Wadda ta fi jan hankali ita ce mai dabbare-dabbare, nan haske can duhu, gefenta kuma bai lalace ba tukuna. Binciken PUSH da aka yi a Amurka da Kanada kan yara masu shekara 3 zuwa 12 ya nuna irin wannan hanta ta ninka mai lafiya kusan sau tara wajen zama mai ƙulluttai cikin shekara huɗu. Duk da haka, yawancinsu ba su kai can ba, don haka matsa bibiya ake yi, ba a yanke hukunci. Da zarar gefen ya yi gudaji-gudaji, ciwo ya yi nisa. Sai a auna tsawon saifa gwargwadon shekarun yaron, a duba gudun jini a babbar jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta. Saifa mai girma tare da raguwar ƙwayoyin daskarar da jini alama ce ta hauhawar matsin jini a wannan jijiya. Ƙanƙanuwar matsarmama kuwa ruwan dare ce a masu cutar, ba abin tayar da hankali ba ce ita kaɗai.

A Katsina da Daura hoton kaɗai ba ya isa, domin cututtukan da aka fi gani suna kwaikwayonsa. Zazzaɓin cizon sauro na kumbura saifa, tamowa na tara kitse a hanta, tsargiyar hanji na sa tabo a kewayen jijiyoyinta, ga sikila, ga ciwon hanta nau'in B. Sai an tantance waɗannan, an kuma tabbatar da cutar ta gwajin gumi, inda sinadarin kulorayid ya kai 60 ko fiye a ma'aunin milimol cikin lita. Gara kuma mutum ɗaya ya riƙa duba yaron da na'ura ɗaya, a ajiye hotunan baya a katinsa, domin dabbare-dabbaren da wani ya gani, wani na iya rubuta shi a matsayin lafiya.