Wasan Giciyen Kalmomi Mai Lulluɓi da Tambayoyinsa na Yanayi

Wasan giciyen kalmomi mai lulluɓi wani nau'in wasa ƙwaƙwalwa ne da ake bugawa a jaridun Turanci, musamman a Birtaniya. Ana zana allo mai gidaje farare da baƙaƙe, galibi 15 a tsaye 15 a kwance, mai wasa ya cike fararen da haruffa, kalmomin tsaye su gitta na kwance. Abin da ya raba shi da wasan giciye na yau da kullum shi ne tambayar. A na yau da kullum ana ba da ma'anar kalma ne a nemi kalmar. A wannan kuwa kowace tambaya jimla ce mai fuska biyu: abin da take faɗa a zahiri, da umarnin da ke ɓoye a ƙarƙashinta. Kalmomin yanayi, irin su ruwan sama, iska, guguwa, hazo da ƙanƙara, suna daga cikin waɗanda masu ɗana wasan suka fi amfani da su, wani lokaci a matsayin amsa, sau da yawa kuma don kawar da hankalin mai warwarewa.

Tarihi

Wasan giciye na zamani ya fara fitowa ne a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913, daga hannun Arthur Wynne, ɗan jarida haifaffen Liverpool da ya koma Amurka. Ya ƙetaro Birtaniya a farkon shekarun 1920, kuma ana yawan cewa mujallar Pearson's ce ta fara buga shi a can a 1922. Jaridar Daily Telegraph ta soma nata a 1925. The Times ta daɗe tana ja da baya, sai ranar 1 ga Fabrairu, 1930 ta bi sahu.

A Birtaniya ne wasan ya canza kama. Edward Powys Mathers, mawaƙi kuma mai fassara, ya riƙa ɗana wasa a jaridar Observer daga 1926 har rasuwarsa a 1939, da sunan aro Torquemada, sunan shugaban kotun binciken addini na Sifen da ya yi suna wajen azabtarwa. Shi ake danganta wa fara yin wasan da dukkan tambayoyinsa lulluɓaɓɓu ne. Sai dai tambayoyin wancan zamani ba su da ƙa'ida tsayayya. Wasu baitin waƙa ne da aka cire wa kalma, wasu kuma habaici ne kawai.

Wanda ya gaje shi, Derrick Somerset Macnutt, malamin harsunan Latin da Girka a makarantar Christ's Hospital, ya ɗauki sunan Ximenes, ya riƙe shafin daga 1939 zuwa rasuwarsa a 1971. Shi ya shimfiɗa ƙa'idojin adalci tsakanin mai ɗanawa da mai warwarewa, ya tattara su a littafinsa na 1966. Ya yi gini ne a kan abin da A. F. Ritchie, mai sunan aro Afrit, ya rubuta a 1949, wanda ma'anarsa ita ce ba dole mai ɗanawa ya nufi abin da jimlarsa ta nuna ba, amma dole ya faɗi abin da yake nufi. Wannan ƙa'ida ce ta mayar da wasan abin da za a iya koyo, kuma duk abin da za a bayyana a ƙasa a kanta ya tsaya. Jonathan Crowther ya karɓi shafin a 1972 da sunan Azed. A jaridar Guardian kuma, limamin coci John Graham, wanda aka sani da Araucaria, ya ɗana wasa daga 1958 har rasuwarsa a 2013, ya yi fice wajen wasanni masu jigo guda, inda amsoshi da dama ke taruwa a kan batu ɗaya. Har yau ana saɓani tsakanin masu bin Ximenes sau da ƙafa da masu sassauci irin na Araucaria.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar labarai biyu a tarihin wasan. A 1942 an shirya gasar warware wasan Daily Telegraph cikin ƙasa da minti 12, daga baya aka nemi wasu daga cikin 'yan gasar su yi aikin fasa saƙonnin sirri a cibiyar Bletchley Park da ke Ingila. A 1944 kuma, ana dab da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ta Faransa, saukar da munin yanayi ya sa aka ɗaga daga 5 zuwa 6 ga Yuni, sai kalmomin sirrin shirin, wato Utah, Omaha, Overlord, Mulberry da Neptune, suka riƙa bayyana a matsayin amsoshi a wannan jarida. Jami'an tsaro sun yi wa mai ɗanawar, shugaban makaranta Leonard Dawe, tambayoyi, suka sake shi. Wasu na cewa dace ne, wasu na cewa ɗalibansa ne suka tsinto kalmomin daga bakin sojoji.

Yadda tambaya take

Tambaya ta ƙa'ida tana da sashe biyu: ma'ana ta kai tsaye, wadda kusan kullum take farkon jimla ko ƙarshenta, da dabarar da ke gina amsar harafi bayan harafi. Lambar da ke cikin baka a ƙarshe tana faɗin yawan haruffan amsa. Aikin farko na mai warwarewa shi ne gano inda sashe ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara, domin mai ɗanawa ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɓoye ɗinkin.

Ɗaya daga cikin dabarun da suka fi yawa ita ce cuɗa haruffa, wadda take da ɗan kama da zaurance, inda ake sauya wa gaɓoɓin kalma wuri. A tambayar "Stormy Iran gets downpour (4)", fuskar jimla tana ba da labarin guguwa da mamakon ruwa a ƙasar Iran. A ƙarƙashi, kalmar stormy umarni ce cewa a hargitsa haruffan da ke kusa da ita. I, R, A, N su koma RAIN, ruwan sama, kalmar ƙarshe kuma ta tabbatar da ma'anar. A nan yanayi ya yi aiki biyu cikin jimla guda, ya zama amsa, ya kuma zama ishara.

Akwai jerantawa, inda ake haɗa guntaye. "Cold and noisy thing in the sky (5)" tana ba da C, gajartawar sanyi kamar yadda ake rubutawa a kan famfon ruwa, da LOUD, mai ƙara, su tashi CLOUD, gajimare. Haka "Monday shortly brings rainy season (7)" take haɗa MON, gajartawar Monday, da SOON, mai ma'ana ɗaya da shortly, ta ba da MONSOON, daminar Kudancin Asiya. Akwai ɓoyewa a fili: a "White fall seen in Paris now (4)", harafin ƙarshe na Paris da kalmar da ke binta sun haɗa SNOW, dusar ƙanƙara. Akwai juyawa baya, kamar WED, yin aure, da ke komawa DEW, raɓa. Akwai yanke kai, inda TRAIN ko BRAIN ke rasa harafin farko su bar RAIN.

Sai kamancin sauti, wanda kalmomi irin su "we hear" ko "on the radio" ke yi wa ishara. "Fog not caught, we hear (4)" tana nufin MIST, hazo, saboda ana furta ta daidai da missed, wato abin da ba a kama ba. Irin waɗannan tambayoyi kan jawo ƙorafi, domin abin da ya yi sauti ɗaya a bakin mutumin Landan ba lallai ya yi a bakin mutumin Sikotland ba. Ta ƙarshe ita ce ma'ana biyu a jere: "Greet frozen rain (4)" amsarta HAIL, wadda ke nufin gaisuwa, ke kuma nufin ƙanƙarar da ke zubowa daga sama.

Dalilin yawan kalmomin yanayi

Hirar yanayi abincin yau da kullum ce a Birtaniya, saboda haka jimlar da ta yi kama da hasashen yanayi takan shige wa mai karatu ba tare da ya yi zargin komai ba, kuma abin da mai ɗanawa ke nema ke nan. Bugu da ƙari, kalmomin yanayi na Turanci gajeru ne, yawancinsu kuma suna da ma'ana fiye da ɗaya. Wind iska ce, kuma naɗewa ce idan aka sauya furuci. Shower na iya zama yayyafi, na iya zama mai nuna abu (daga show, nunawa), kamar yadda flower, fure, kan zama kogi, wato mai gudana (daga flow, gudana). Fine da fair da close duk suna siffanta yanayi, duk kuma suna da wasu ma'anoni, daga tarar kuɗi har rufewa. Rain tana da tagwayen sauti biyu, reign da rein. Haruffan N, S, E da W na kusurwoyin duniya, waɗanda da su ake faɗin inda iska ta taso, suna shiga ginin amsoshi a kai a kai. Kalmomi kamar stormy, blown, blustery da wild kuwa, galibi alamar cuɗa haruffa ne, kuma gogaggen mai warwarewa da ya gan su yakan fara ƙirga haruffan kalmomin da ke gefensu.

Wasu tambayoyin suna bukatar sanin abin da ke wajen ƙamus. Ma'aunin ƙarfin iska da Francis Beaufort ya tsara a 1805 yana tafiya daga 0 zuwa 12, inda GALE take mataki na 8, STORM na 10, HURRICANE na 12, don haka "force eight" kaɗai na iya zama ma'anar GALE. Hasashen yanayin teku da gidan rediyon BBC ke karantawa ya raba ruwan da ke kewaye da Birtaniya yanki 31, kuma sunayensu, irin su Dogger, Fisher, Lundy, Fastnet da Rockall, sun dace da wasa mai jigo. A 2002 aka sauya sunan yankin Finisterre zuwa FitzRoy, don tunawa da Robert FitzRoy, wanda ya kafa ofishin yanayi na ƙasar a 1854. Wannan sashe shi ya fi wahalar da wanda bai tashi a can ba, tun da dabara kaɗai ba ta isa.

Sunayen iskokin duniya ma suna fitowa: MISTRAL ta kudancin Faransa, SIROCCO mai tasowa daga Sahara ta ƙetara Bahar Rum, CHINOOK ta Arewacin Amurka, HABOOB ta Sudan. Iskar hunturu tana cikinsu da sunanta na Turanci, HARMATTAN, mai haruffa tara, wadda ke rabuwa cif zuwa HARM da AT da TAN.

A yau

The Times da Guardian da Daily Telegraph da Financial Times suna buga wasan a takarda da intanet, kuma The Times tana shirya gasa tun 1970. Ya samu gindin zama a Ostireliya da Indiya, inda jaridar The Hindu ke buga nata. A Amurka bai kai wasan giciye na yau da kullum karɓuwa ba, duk da cewa mujallar New York ta gabatar da shi ga masu karatunta a 1968.