Fita daji da yaro: amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su

Tun da na ce yaron da ya saba bin ubansa gona da fadama ba ya girma ya zama ɗan zaman ɗaki, tambayoyi ba su yanke ba, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Ga amsoshin wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Daga shekara nawa ake farawa?

In yana zuwa masallaci da ƙafarsa ya dawo ba a saɓa shi ba, ya isa.

Sai an sayi kaya na musamman?

A'a. Takalmi mai rufe ƙafa saboda ƙaya da ƙarangiya, hula, gorar ruwa. Shi ke nan.

'Ya mace fa?

Me ya hana? Kakanninku mata su suka san inda ɗinya ke nuna, tun suna 'yan mata masu zuwa itace. Hajiya, ke ma kina iya jan su, ba sai maigida ya sami sarari ba.

Me yaro zai ƙaru da shi a tafiyar ƙafa kawai?

Bakin babban da ke gaba shi ke aikin. Ka tsaya ka ce masa wannan magarya ce, waccan aduwa, kanya sai sanyi ya shigo take nuna. Ka nuna masa tumfafiya, ka ja masa kunne kada nononta ya taɓa idonsa. In shamuwa ta sauka, ka gaya masa damina ta kusa, ya jira ya gani da idonsa ko gaskiya ka faɗa. Abin da yaro ya san sunansa daga bakin ubansa, nemansa yake yi duk inda ya je, ko ya girma ya koma Kaduna aiki. Amma kai da za ka fita kana latsa waya, yaro na binka a baya kamar raƙumi da akala, gara ka bar shi gida. Kuma ka rage sauri, malam. In ya tsuguna kallon tururuwa, tsaya masa.

Da wannan hali na tsaro a Zamfara, ina za a kai yaro?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsar ta danganta da garinku, da makon da ake ciki, wani lokaci ma da ranar. Akwai inda babu shawara: dajin Kuyambana da ke wajen Ɗansadau, da dazuzzukan Zurmi da Shinkafi, babba ma ba ya shiga yawo, balle da yaro. Da yawa kuna tambaya a kan dutsen Kwatarkwashi, tunda ga shi nan kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ana hango shi daga mota. Ba zan ce maka je ba, ba kuma zan ce an rufe shi har abada ba. Mutanen gindin dutsen za ka tambaya, a ranar da za ka tafi, ba labarin watan jiya ba.

Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: duba inda manoman wurin ke zuwa gonakinsu hankali kwance, inda yara ke kiwon awaki har yanzu. Inda aka bar gona ta zama saura, kada ka kai ɗanka. Tambayi mai unguwa, tambayi 'yan kabu-kabu, sun fi kowa sanin hanyar da ta ɓaci. Fita da hantsi, dawo kafin azahar, a san inda kuka nufa a cikin gida kawai, hoto kuma kada a sa shi a Facebook sai kun dawo. Duk da haka ban ba ka tabbaci ba, domin wurin da ke lafiya yau yana iya juyawa jibi.

In zuciyarka ba ta kwanta ba, fasa. Yaro yana karanta fuskar ubansa, in kana waige-waige tsoron daji zai koya. Ku kwantar da hankalinku, lambun bayan gari ma ya wadatar, akwai tsuntsu, akwai bishiya. In ziyara ta kai ku Argungu, a gangara da shi kogin Matan Fada ya ga masunta da gorunansu, bayan an tambayi masu masauki.

Maciji fa?

Kada ya sa hannu a rami, kada ya ɗaga dutse, kububuwa nan take kwanciya. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. Asibiti, nan take.

Zai iya wanka a tafki?

A'a. Tsargiya. Haka ma wuraren haƙa da niƙan dutsen zinare, ko kusa kada ya je. Kun manta gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, da ta kashe yara sama da 400?

Ya ce ya gaji, ba zai sake zuwa ba.

Ka yi masa nisa ne. Rage tafiyar rabi, ka tafi da ƙuli-ƙuli a aljihu.