Shiga aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya

Aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ya haɗa likitocin ƙwaƙwalwa, da ma'aikatan jinya da suka ƙware a fannin, da masana halayyar ɗan Adam, da jami'an jin daɗin jama'a da ke bin marar lafiya har gida. A Najeriya, abin da ke jawo mutum cikin wannan aiki ya riƙa sauyawa ne gwargwadon yadda aka ɗauki marar lafiyar a kowane zamani.

Zamanin gidajen mahaukata

Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a Kalaba wajen shekarar 1904, sannan na Yaba a Legas a 1907. Dokar da aka kafa a 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi damuwa da tsare mutum fiye da yi masa magani. A garuruwa da dama wani ɓangare na gidan yari ne ake warewa. Masu aiki a wuraren masu gadi ne, kuma mafi yawansu albashin gwamnati ne ya kai su, domin babu horo kuma babu maganin da za a bayar. A ƙasar Hausa iyalai sun ci gaba da kai nasu wurin malamai don rubutu da addu'a, ko wurin boka da 'yan bori.

Lambo da ƙauyukan Aro

Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abekuta a 1923, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa irin na Turawa. Ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham da ke Ingila. Ana ruwaito cewa ya yi aiki na ɗan lokaci a Legas da Zariya da Gusau, kuma halin da ya tarar da waɗanda ke tsare a Yaba na cikin abin da ya karkata shi ga fannin. Ya koma Landan ya samu horo a asibitin Maudsley, ya dawo a 1954 aka ba shi asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abekuta, wanda a lokacin ba a gama gininsa ba.

Bai jira a kammala ginin ba. Ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye suka ba marasa lafiya masauki a gidajensu a kan kuɗin haya, kowane da wani danginsa mai kula da shi, da rana kuma su zo asibiti karɓar magani. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, abin da wasu abokan aikinsa ba su ji daɗinsa ba. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta. Daga baya Lambo ya zama shugaban Jami'ar Ibadan, sannan mataimakin babban darakta a Hukumar Lafiya ta Duniya har zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

Tasirinsa ga masu tasowa ba ƙarami ba ne. Matasan likitoci na shekarun samun 'yancin kai sun ga fanni ne da ɗan Afirka zai iya faɗin nasa a ciki, musamman wajen ƙaryata iƙirarin wasu likitocin mulkin mallaka cewa tunanin baƙar fata na daban ne. Tolani Asuni, wanda ya gaje shi a Aro, na cikin wannan sahu.

Dalilan yau

Waɗanda ke shiga yanzu sukan ambaci ɗan'uwa ko maƙwabci da suka ga an ɗaure da mari, ko lokacin da aka tura su sashen ƙwaƙwalwa suna ɗalibai suka ga wanda aka cire rai da shi ya dawo hayyacinsa. Wasu kuma neman lada ne. A arewa maso gabas rikicin Boko Haram ya sa ƙungiyoyin agaji ɗaukar matasa aikin kwantar da hankalin 'yan gudun hijira, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ya zama cibiyar wannan aiki. A Kano da Kaduna shaye-shaye ne ya fi fito da buƙatar, musamman bayan gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa (Kaduna) da Kware (Sakkwato) da Dawanau (Kano).

Shirin mhGAP na cike giɓin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, ya buɗe wata ƙofa ta daban: ma'aikacin ƙaramin asibiti yana samun gajeren horo ya fara gane ciwon damuwa da farfaɗiya.

Saɓani

Akwai ra'ayin da ake jingina wa Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Switzerland, cewa wanda ya taɓa jin ciwon rai shi ya fi neman warkar da wasu. Wasu masana sun yarda, wasu na ganin an zuzuta shi.

Ƙarancin ma'aikata

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa mambobinta da ke aiki a cikin ƙasa ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Ɗalibai da yawa na gudun fannin saboda ƙyamar da ke bin marar lafiya tana shafar mai yi masa magani, har a kira shi “likitan mahaukata”. Cikin waɗanda suka ƙware kuma, da dama na tafiya Birtaniya da Kanada da Saudiyya. A watan Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 kuma ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya.