Haɗin Gwiwar Ƙera Makamai da Sayensu a Turai

Haɗin gwiwar ƙera makamai a Turai tsari ne da ƙasashen nahiyar, musamman na yammacinta, suke bi wajen haɗa kuɗi da masana'antu domin su ƙera kayan yaƙi tare ko su saye su tare, maimakon kowace ƙasa ta yi gaban kanta. Tsarin ya samo asali ne tun shekarun 1950, kuma shi ya haifar da jiragen yaƙi irin su Jaguar da Alpha Jet da Tornado da Eurofighter. Ya sake ɗaukar hankalin duniya bayan Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya a 2014, sannan ta ƙaddamar da mamaya a kan Yukren a ranar 24 ga Fabrairun 2022. Hujjar da ake kafawa tun farko ita ce kuɗin ƙera jirgin yaƙi ko makami mai linzami na zamani ya fi ƙarfin baitulmalin ƙasa ɗaya matsakaiciya, kuma adadin da sojojinta za su saya bai isa ya mayar da abin da aka kashe a bincike ba. Abin da ya daɗe yana kawo cikas kuwa shi ne kowace gwamnati tana son kaso mafi tsoka na aikin ya faɗo wa masana'antun gida.

Asali

Yunƙurin farko ya fi duk waɗanda suka biyo bayansa girman buri. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Amurka ta matsa lamba a bar Jamus ta Yamma ta sake kafa soja, abin da Faransawa ba su yi maraba da shi ba, ganin cewa shekara biyar kacal ke nan da gama Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Oktoban wannan shekara Firaministan Faransa René Pleven ya kawo shawarar a kafa rundunar Turai guda ɗaya wadda sojojin Jamus za su shiga cikinta, mai kasafin kuɗi ɗaya da hukumar sayen makamai ɗaya. Faransa da Jamus ta Yamma da Italiya da Beljiyam da Holan da Luksambog sun sa hannu a kan yarjejeniyar a Paris ranar 27 ga Mayun 1952, amma majalisar dokokin Faransa da kanta ta yi watsi da ita ranar 30 ga Agustan 1954. Jamus ta Yamma ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 1955, daga nan kuma batun tsaron nahiyar ya koma hannun wannan ƙungiya da Amurka ke jagoranta.

Wannan faɗuwa ta bar tabo a dokokin Turai. Yarjejeniyar Rum ta 1957, wadda ta buɗe kasuwar bai ɗaya, ta cire cinikin makamai daga cikin ƙa'idojin gasa, ta bai wa kowace ƙasa damar ba da kwangila ga wanda ta ga dama idan ta ce tsaronta ne ya buƙaci haka. Wannan tanadi yana nan har yau a matsayin sashe na 346 na yarjejeniyar gudanar da Tarayyar Turai, kuma dokar da aka yi a 2009 don buɗe kwangilolin tsaro ga gasa ba ta rage amfani da shi sosai ba.

Zamanin jiragen haɗin gwiwa

Tunda runduna ɗaya ta gagara, sai aka koma haɗa kai a kan aiki ɗaya-ɗaya. Faransa da Jamus ta Yamma sun fara da jirgin dakon kaya na Transall, wanda ya fara tashi a 1963. Birtaniya da Faransa sun ƙera Jaguar, wanda ya tashi a 1968, sannan kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus suka fitar da Alpha Jet, ƙaramin jirgin horo da kai hari da ya fara tashi a 1973. Mafi girma a wannan zamani shi ne Tornado, na Birtaniya da Jamus ta Yamma da Italiya, waɗanda suka kafa kamfanin Panavia a 1969 domin aikin. Jirgin ya fara tashi a watan Agustan 1974, an ƙera kusan 990, kuma Saudiyya ta saya a ƙarƙashin cinikin Al-Yamamah na 1985.

Wasu daga cikin jiragen nan sun yi aiki a Afirka ta Yamma. Najeriya ta sayi Alpha Jet guda 24 a farkon shekarun 1980, ta kuma sayi Jaguar guda 18 a tsakiyar shekarun. Jaguar bai daɗe yana aiki ba, an ajiye shi wajajen farkon shekarun 1990, amma Alpha Jet ya yi yaƙi a ƙarƙashin rundunar ECOMOG a Laberiya da Saliyo, daga baya kuma aka yi amfani da shi a kan Boko Haram a arewa maso gabas. Kamaru da Togo da Maroko da Masar su ma sun saye shi.

Eurofighter da ƙa'idar rabon aiki

Babu aikin da ya fito da ƙarfin tsarin da rauninsa kamar Eurofighter. A farkon shekarun 1980 ƙasashe biyar suka fara tattaunawa a kan jirgin yaƙi ɗaya da zai gaji na lokacin. Faransa tana son jirgi marar nauyi da zai iya sauka a kan jirgin ruwan dakon jiragen sama, tana son injinsa ya zama na kamfaninta, tana kuma son Dassault ya jagoranci aikin. Da aka kasa daidaitawa sai ta fice a 1985 ta ƙera Rafale ita kaɗai. Da yake Suwidin ma tana ƙera nata Gripen, nahiyar ta wayi gari da jiragen yaƙi uku na zamani ɗaya, suna neman masu saye a kasuwa ɗaya.

Ƙasashe huɗun da suka rage sun raba aikin bisa ƙa'idar da Faransawa ke kira juste retour, ma'ana kowa ya samu aiki gwargwadon kuɗin da ya zuba. A rabon farko Birtaniya da Jamus sun samu kashi 33 cikin ɗari kowace, Italiya kashi 21, Sifaniya kashi 13. Wanda ya tsaya gaban jirgin zai iya ganin rabon da idonsa: gaban gangar jikin daga Birtaniya yake, tsakiyarta daga Jamus, fiffiken hagu daga Italiya, na dama kuma daga Sifaniya. Ana ɗora waɗannan sassa a mota ko jirgi a kai su wuraren harhaɗawa har guda huɗu, a Warton da Manching da Turin da Getafe, domin kowace ƙasa ta dage sai an haɗa jiragenta a gida. Ta fuskar kasuwanci wuri ɗaya ya wadatar, kuma ninka shi huɗu ya ƙara tsadar kowane jirgi, sai dai babu majalisar dokokin da za ta amince da biliyoyin kuɗi alhali ma'aikatan mazaɓunta ba su ga komai a ƙasa ba.

Ƙarshen yaƙin cacar baka ya kusa kashe aikin. A 1992 Jamus, wadda kuɗin haɗewa da gabashinta ya yi wa nauyi, ta nemi ficewa, daga baya ta tsaya amma ta rage adadin da za ta saya, abin da ya tayar da sabuwar gardama a kan ko kason aikinta zai ragu. Jirgin ya fara tashi a watan Maris na 1994, an ƙulla kwangilar guda 620 a 1998, inda Birtaniya ta ɗauki 232, Jamus 180, Italiya 121, Sifaniya 87, ya kuma fara aiki a 2003, wato kimanin shekara ashirin bayan fara tattaunawa. Ostiriya da Saudiyya da Oman da Kuwait da Ƙatar sun saye shi daga baya.

Hukumomi da haɗewar kamfanoni

Darasin Eurofighter ne ya sa Faransa da Jamus da Italiya da Birtaniya suka kafa hukumar OCCAR a 1996, mai hedikwata a Bon, domin ta riƙa kula da manyan kwangiloli a madadinsu, kuma a riƙa auna rabon aiki a kan ayyuka da yawa cikin shekaru maimakon kowane aiki shi kaɗai. Beljiyam da Sifaniya sun shiga daga baya. A 2004 Tarayyar Turai ta kafa tata Hukumar Tsaro ta Turai a Burasels, wadda aikinta ya fi karkata ga daidaita buƙatu da tattara alƙaluma.

A ɓangaren kamfanoni, haɗewar da Amurkawa suka yi a shekarun 1990 ta tilasta wa Turawa bin sahu. An kafa BAE Systems na Birtaniya a 1999, an kafa EADS a 2000 daga kamfanonin Faransa da Jamus da Sifaniya, wanda yanzu ake kira Airbus, sannan MBDA mai ƙera makamai masu linzami a 2001. Yunƙurin haɗe EADS da BAE ya rushe a watan Oktoban 2012, kuma mafi yawan masu sharhi sun ɗora alhakin a kan gwamnatin Jamus. Masu ƙera tankoki da jiragen ruwa sun fi jinkiri. Sai a 2015 Krauss-Maffei Wegmann na Jamus da Nexter na Faransa suka haɗu a ƙarƙashin KNDS.

Babban gwajin OCCAR shi ne jirgin dakon kaya na A400M. Ƙasashe bakwai, har da Turkiyya, sun ba da kwangilar guda 180 a 2003. An ruwaito cewa tayin injin da wani kamfanin Kanada ya kawo ya fi araha, amma aka zaɓi a ƙera sabo fil a Turai, kuma matsalolin wannan injin da manhajarsa suna cikin abubuwan da suka jinkirta aikin. Jirgin ya fara tashi a Sebiya a watan Disambar 2009, ƙasashen sun amince su ƙara yuro biliyan 3.5 don kada aikin ya durƙushe, Faransa kuma ta karɓi na farko a 2013.

Kasafin tsaro

Daga 1990 zuwa 2014 kasafin tsaro ya yi ta raguwa a yawancin ƙasashen, kuma sakamakon ya bayyana a fagen daga. A yaƙin Libiya na 2011 sojojin Turai sun dogara ga Amurka wajen zuba wa jirage mai a sama da leƙen asiri, haka kuma lokacin da Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013 sai da jiragen C-17 na Birtaniya da Amurka da Kanada suka taya ta jigilar kaya zuwa Bamako.

A taron NATO na Wales a Satumban 2014 mambobi sun yi alkawarin kai kasafin tsaro zuwa kashi 2 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, cikin shekara goma. A lokacin ƙasashe uku ne kawai suka cika wannan ma'auni, Amurka da Birtaniya da Girka. A 2024 ƙungiyar ta ce 23 daga cikin mambobi 32 za su cika shi. Kwana uku bayan fara mamayar Yukren, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin Olaf Scholz ya sanar da asusu na musamman na yuro biliyan 100 domin sojojin ƙasar. Alƙaluman Hukumar Tsaro ta Turai sun nuna cewa kasafin ƙasashen Tarayyar ya tashi daga yuro biliyan 240 a 2022 zuwa biliyan 279 a 2023. A taron NATO na Hague na Yunin 2025 an ɗaga ma'aunin zuwa kashi 5 nan da 2035, kashi 3.5 na soja kai tsaye, 1.5 na hanyoyi da tsaron intanet da makamantansu, ko da yake Sifaniya ta ce ba za ta kai can ba.

Sayayya bayan 2022

Ƙarin kuɗin bai tafi ga haɗin gwiwa kai tsaye ba, domin ƙasashen da ke jin barazana a ƙofar gida sun nemi abin da za a kawo da wuri. Polan ta ƙulla ciniki da Koriya ta Kudu a 2022 a kan tankokin K2 da igogin K9 da jiragen FA-50, ta kuma sayi tankokin Abrams daga Amurka. Jamus ta yi odar jiragen yaƙi na F-35 guda 35 daga Amurka. Cibiyar SIPRI ta Stockholm, mai bibiyar cinikin makamai, ta ƙiyasta cewa kashi 64 cikin ɗari na makaman da mambobin NATO na Turai suka shigo da su tsakanin 2020 da 2024 daga Amurka suka fito. Ministocin tsaron Tarayyar Turai sun amince tun 2007 cewa kashi 35 na sayen kayan aiki ya zama na haɗin gwiwa, amma a 2021 abin bai wuce kashi 18 ba.

Harsasan igwa masu faɗin milimita 155 sun tona ƙarancin masana'antun. A Maris na 2023 Tarayyar ta yi wa Yukren alkawarin miliyan ɗaya cikin shekara guda, amma da wa'adin ya cika kusan rabi kawai aka kai, sai wajen ƙarshen 2024 aka cika adadin. An ware yuro miliyan 500 don faɗaɗa masana'antun albarusai. Kafin wannan akwai tsarin PESCO na 2017, wato tsarin haɗin gwiwar tsaro na dindindin na Tarayyar, da Asusun Tsaro na Turai mai kusan yuro biliyan 8 na shekarun 2021 zuwa 2027. Mafi girma shi ne shirin rancen SAFE na yuro biliyan 150 da aka amince da shi a Mayun 2025, wanda ya shardanta a yi sayayya tare, kuma kada sassan da suka fito daga wajen Tarayyar da Yukren da ƙawayen kasuwarta irin su Norwe su wuce kashi 35 na kuɗin kayan.

Batutuwan da ake taƙaddama a kai

Faransa tana son kuɗin Turai ya tsaya a masana'antun Turai, Polan da ƙasashen Baltik kuwa sun fi damuwa da saurin kawo kaya da riƙe Amurka a kusa. Shirin garkuwar sararin samaniya da Jamus ta jagoranta a 2022 ya dogara ga makaman kariyar sama na IRIS-T na Jamus da Patriot na Amurka da Arrow 3 na Isra'ila, Faransa kuma ta ƙi shiga. Ƙa'idojin fitar da makamai sun bambanta, har Jamus ta taɓa hana sayar wa Saudiyya ƙarin Eurofighter na wasu shekaru bayan kisan Jamal Khashoggi a 2018.

A kan jirgin yaƙi na gaba, nahiyar ta sake rabuwa gida biyu. Faransa da Jamus sun sanar da shirin FCAS a 2017, Sifaniya ta shiga a 2019, kuma saɓani tsakanin Dassault da Airbus a kan jagoranci da rabon aiki ya sha tsayar da shi. Birtaniya da Italiya sun haɗa kai da Japan a shirin GCAP a Disambar 2022, da nufin jirginsu ya fara aiki a 2035.