Babban Laburare da Ɗakunan Karatu na Jama'a: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne amfanin babban laburare, tun da kowane gari yana iya buɗe ɗakin karatunsa?

Buɗe ɗaki ba shi da wuya, wahalar ita ce samar masa da sababbin littattafai kowace shekara. Babban laburare shi ke sayen littattafai da yawa a lokaci guda, ya yi musu rajista da lamba, ya rarraba wa ƙananan ɗakuna, sa'an nan ya karɓo waɗanda aka gama karantawa ya tura su wani gari. Shi ne kuma yake horar da ma'aikata, wanda a ganina ya fi sayen littattafan muhimmanci.

Yaya abin ya faro a Arewacin Nijeriya?

Ɗakunan karatu sun riga babban laburare zuwa. An buɗe da yawa daga cikinsu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin yaɗa labarin yaƙin, kuma En'e, wato hukumar gari ta wancan zamani, ita ce take riƙe da su. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna domin ya tallafa musu, yana aika musu littattafai cikin akwatuna, yana kuma koyar da masu kula da su. Sai dai kuɗi da iko suna hannun En'e, saboda haka Kaduna shawara kawai take bayarwa, kuma inda hukumar gari ba ta damu ba, ɗakin sai ya lalace.

Akwai inda aka bi wata hanya dabam?

Akwai, kuma doka ce ta bambanta su. Gana ta kafa hukumar laburare a 1950, wadda ta tafiyar da rassa da motocin littattafai daga Akara. Bayan taro kan laburaren jama'a da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shirya a Ibadan a 1953, Jihar Gabas ta Nijeriya ta yi irin wannan doka a 1955, kuma a 1959 aka buɗe babban laburare na Inugu a matsayin abin koyi. Hukuma ɗaya mai kasafin kuɗinta ita ce ta riƙe cibiya da rassa gaba ɗaya.

Me ya faru da laburaren Kaduna daga baya?

Da aka ƙirƙiri jihohi a 1967, Arewa ta kasu gida 6, aka raba littattafan tsakaninsu. Daga nan kowace jiha ta soma gina nata babban laburare daga ɗan abin da ta samu a rabon.